Doyar Kure a Bayan Ɗakin Janareta

Shekara goma sha huɗu ke nan ina sayar da abinci a bakin get ɗin wani ofishin gwamnati da ke kusa da kasuwar Gudu, kuma a tsawon shekarun nan an ba ni ajiya iri-iri. Makullin mota, takalmin zuwa biki, takardun fili, har jaririya an taɓa bar mini na awa biyu. Amma mutum ɗaya ne tak ya taɓa miƙo mini wayarsa, cajinta cike, da data a ciki, ya ce in ɓoye ta kada in ba shi ko da zai yi kuka. Wannan mutum shi ne Dominic Kure, direban bas ɗin ma'aikata. Ni kuwa sunana Hadijatu, ko da yake a nan kowa Hajiya yake ce mini, alhali ko filin jirgi ban taɓa takawa ba.

Dominic mutumin Yangoji ne, can wajen Kwali. Gbagyi ne, kuma ranar da na fara ce masa Bagwari ya ajiye cokali ya yi mini lacca ta minti goma, tun daga ranar na kiyaye bakina. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, sanƙo ya fara leƙowa, shekarunsa arba'in da 'yan kai. Yana haya a Kurudu da matarsa Felicity da 'ya'ya uku. Hausarsa irin ta Abuja ce, mace da namiji duk "ka" yake ce musu. Na yi ta gyara har na gaji na ƙyale shi.

Aikinsa ba mai wuyar faɗi ba ne. Da asuba zai tayar da bas, ya kwashi ma'aikata daga Kurudu da Karu da Nyanya, ya sha cunkoso, ya sauke su ƙarfe takwas. Daga nan ba shi da abin yi sai ƙarfe huɗu, in ba an aike shi ba, kuma aiken bai fi sau biyu a mako ba. Awa takwas ke nan kullum, Litinin zuwa Juma'a. Ni da nake hura wuta tun kafin kiran salla, in da za a ba ni awa takwas ɗin nan, wallahi da na san abin da zan yi da su.

Direbobin ofishin suna da gindin mangwaro kusa da rumfata. A da can dara suke yi, su yi musu, su yi dariya har maigadi ya zo ya ce a rage murya. Da manyan wayoyin nan suka shigo sai wurin ya yi tsit. Maza takwas, kowa ya duƙar da wuya kamar kajin da mura ta kama, babban yatsa ne kawai ke motsi. Duk cikinsu kuwa Dominic ne shugaba. Guruf ɗin hira na waya ashirin da uku yake ciki, shi ne mai kula da bakwai. Akwai na 'yan ƙwallo, na mazan coci, na ƙungiyar 'yan Yangoji mazauna birni, na 'yan ajinsu na firamare, na masu haya a layinsu, da na siyasa guda uku da ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. In na zuba masa shinkafa sai ta huce ta sandare. Akwai ranar da ya cinye rabin abincin Andrew, direban da ke zama kusa da shi, bai san ba farantinsa ba ne. Shi ma Andrew ɗin bai lura ba sai da na yi magana.

In ka tambayi Dominic a lokacin, cewa zai yi ba shi da lokaci. Da gaske yake faɗi, har da dafa kai.

To, akwai maganar doya. Mahaifinsa, Baba Kure, yana da wani irin doya da ya gada wajen nasa uban, kuma a iya sanin Dominic ba wanda ke da shi a garinsu sai gidansu. Tana da suna da yarensu, harshena ya kasa juya shi, don haka nake ce mata doyar Kure. Dominic ya ce fara ce tas, in an kirɓa sakwararta ba ta gudaji, ba ta baƙi ko ta kwana, kuma tana iya zama a rumbu har damina ta zagayo. Da tsohon ya rasu ya bar iri wajen ɗari huɗu. Dominic ne kaɗai ɗa namiji, 'yan'uwansa mata duk suna gidajen aurensu a nesa, mahaifiyarsa kuma idonta ya yi rauni. Iri ya dawo hannunsa.

Shekarar farko ya riƙa zuwa Yangoji duk Asabar, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma in ya je, sai ya jingina waya a kan kunya, ya ɗauki kansa bidiyo yana saran ƙasa sau uku, ya watsa a guruf. Nan take yabo zai fara sauka, wannan ya ce Sarkin Noma, wancan ya ce ɗan halak. Shi kuma sai ya koma inuwa yana amsa wa kowa ɗaya bayan ɗaya har rana ta yi sanyi, ya shigo mota ya dawo yana jin ya yi noma. Ita kuwa doya tana da wani aiki da ba ya jira. Wajen watan takwas akan tone gefen kunya a hankali, a yanke babbar doyar a bar kanta da saiwoyinta a ƙasa, a mayar da ƙasa a rufe. Wannan kan da aka bari shi ne zai sake fitar da ƙananan 'ya'ya, su ne irin baɗi. Mako biyu ne kacal lokacin yin haka. Mako biyun nan Dominic ya ƙarar da su wajen sasanta rikicin da ya ɓarke a guruf ɗin 'yan garinsu a kan kalar ankon Kirsimeti. Ya yi sulhu, an zaɓi shuɗi. Iri kuma ya sauko zuwa ɗari da ashirin.

Shekara ta biyu ta fi muni. Iri yana rumbu, ana so a riƙa juya shi ana cire wanda ya fara ruɓewa, don guda ɗaya kan shafa wa saura. Tsohuwa, wato Mama mahaifiyarsa, ta yi ta aiko masa, shi kuma yana cewa mako mai zuwa. Wata biyu ana mako mai zuwa.

Wata Litinin a ƙarshen watan uku ya zo rumfata da wata 'yar jaka, idonsa jajir. Bai nemi abinci ba. Ya zauna a benci ya zazzage jakar a gabana. Ƙananan doya ne, duk sun yamushe, na ƙirga su da ido, tara.

"Hajiya, ka ga abin da ya rage," in ji shi.

Na ce, "Daga ɗari huɗu?"

Ya gyaɗa kai. Na buɗe baki zan wanke shi tas, don ni ba na iya ganin ɓarna in yi shiru, sai na ga an riga ni. Ya ce da suka buɗe rumbu, Mama ta durƙusa tana laluben doyar da hannu, tana ware mai rai daga ruɓaɓɓiya, shi kuma yana tsaye a kanta waya tana ta ƙara a aljihunsa. Sai ya ciro ta, wai ya duba kawai. Tsohuwa ta ji ƙarar, ta ɗago kai.

Ku da ba ku san Gbagyi ba, matansu ba sa ɗaukar kaya a ka. A kafaɗa suke ɗorawa, ko itace ne ko tulun ruwa, don a wajensu kai ya fi ƙarfin a mayar da shi abin dako, tunani aka yi shi domin shi. Dominic ya ce Mama ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Shekara saba'in ban taɓa ɗora ko ƙwarya a kaina ba. Kai da na haifa, ka kwaso kayan duniya duka ka jibga a naka. Ina doyar ubanka za ta samu wuri?"

Na ji tausayinsa ƙwarai, amma ban nuna ba, don irin su Dominic in ka tausaya musu da wuri sai su samu wurin kwanciya.

Sai ya ciro wayar ya ajiye a kan teburina. "Daga ƙarfe takwas da rabi zuwa sha biyu, ka riƙe. Na sa ƙara daban wa mutum uku: Oga na ofis, Felicity, Mama. In ɗaya ya kira, ka ƙwala mini kira. Saura duka, abeg, ko wa ye, ka bar shi ya yi ta kuka."

Ina da wata tsohuwar kula da murfinta ya tsage, ba na zuba abinci a ciki. Na jefa wayar ciki na rufe, na ɗora buhun gishiri a kai.

Dabararsa ita ce ya shuka doyar a buhu, a nan ofis, inda yake da awa takwas, maimakon Yangoji da ba ya gani sai Asabar. A bayan ɗakin janareta akwai wani lungu da ke jikin shingen waya, ba mai zuwa wurin sai ƙadangaru. Gaskiya a wayar ya ga yadda ake noman buhu, ba zan hana ta haƙƙinta ba. Ya roƙi maigadi, maigadi ya ce ba ruwansa. Wanda bai tambaya ba shi ne Oga Thaddeus, shugaban sashen motoci, kuma wannan kuskure ne da za mu dawo kansa.

Makon farko na sha kallo. Kafin ƙarfe goma Dominic zai zo rumfata sau huɗu. Wai ruwa yake so. Wai ya manta ko ya biya ni gaisuwa. Yana magana idonsa na kan kula.

"Hajiya, ba wanda ya kira?"

"Ba wanda ya kira."

"Na ji kamar ya yi ƙara."

"Cikinka ne ya yi ƙara. Koma."

Ranar Laraba har ya ce in ba shi minti ɗaya, akwai wani muhimmin saƙo da yake jira. Na ce masa ni da wancan Dominic na ranar Litinin muka yi alkawari, wannan na Laraba ban san shi ba. Ya yi fushi ya tafi, bai ci abincina ba ranar. Na ce ya huta, ni ma na huta.

Amma aiki ya fara cinye shi a hankali. Ya samo buhunan shinkafa a wajena da wajen masu shago a Gudu. Ya riƙa ɗebo baƙar ƙasa daga bakin rafi a Kurudu, buhu biyu kullum a bayan bas, ya haɗa da taki. Doya taran nan ya yanka su gida talatin da biyu, kowane yanki da fatarsa, ya zo ya kwashi toka a murhuna ya barbaɗe inda wuƙa ta taɓa, ya shanya su a inuwa kwana biyu. Ya ce haka Baba yake yi. Abin da ya ba ni mamaki, ya ce shi kansa bai san ya iya ba, sai da ya riƙe wuƙar ba komai a ɗaya hannun, sannan abin ya riƙa dawo masa. Ruwan sama ya yi jinkiri a shekarar, sai ya bi bayan ginin ofis ya jera bokitai a ƙarƙashin na'urorin sanyaya ɗaki, inda ruwa ke ɗiga dare da rana ba mai kula. Manya suna ciki suna shan sanyi, ba su san suna yi wa doyar Kure ban ruwa ba.

Talatin suka tsiro. Ranar da ya ga tsiron farko ya zo da gudu kamar an yi masa haihuwa, ya ja ni sai na je na gani. Na bar tukunya a wuta na bi shi. Wani ɗan jan abu ne kamar tsinke, amma mutumin nan yana tsaye a kansa yana dariya shi kaɗai.

'Yan gindin mangwaro kuwa sun samu abin yi. Andrew ya sa masa suna Minista. In ya wuce da bokiti sai su ce, "Ranka ya daɗe, yaushe za a raba mana taki?" A guruf ɗin garinsu aka yi ta cigiyarsa, wasu suka ce girman kai ya shige shi, aka tsige shi daga kula da guda biyar. Ya ce mini ya ɗauka zai ji zafi, sai ya ji kamar an sauke masa buhun siminti. Da ƙarfe sha biyu in na miƙa masa wayar, sai ya duba na minti kaɗan ya sa a aljihu. Wata rana ma mantawa ya yi, sai ƙarfe huɗu na bi shi da ita har bakin bas. Felicity ta zo da kanta wata Juma'a, ta kawo mini man ja galan ɗaya, ta ce ita dai ba ta san me na yi wa mijinta ba, amma yanzu in yara suna magana yana jin su.

Zuwa watan bakwai yaɗo ya haye sanduna ya kama shingen waya, lungun nan ya zama kore shar. Dominic ya san kowane buhu. Zai gaya maka wannan yana son ruwa, wancan tsutsa ta taɓa ganyensa jiya. Yana jiran mako biyun nan na watan takwas kamar mai jiran sakamakon asibiti.

A cikin mako biyun ne abin ya faru, kuma da hannuna a ciki. Ranar Talata aka sa sanarwa a guruf ɗin direbobi cewa manyan baƙi za su zo duba ofis ranar Alhamis da rana, don haka duk wani tarkace da ke harabar za a kwashe da safiyar ranar, mai kaya ya ɗauke kayansa. Saƙo ne, ba kira ba, ni kuma kira aka ce in saurara. Shi kuwa Dominic ya kai matsayin da ko buɗe guruf ba ya yi. Sauran direbobi kowa ya ɗauka ya gani. Ranar Alhamis da safe Oga Thaddeus ya aike shi kai takarda wani ofishi. Wajen ƙarfe goma na ga masu shara uku sun nufi bayan ɗakin janareta da baro.

Na bar kwastoma da faranti a hannu na ruga. Kafin in isa sun fizge buhu goma sha ɗaya, yaɗon ya tsintsinke, sun jibga su a gefe. Na tsaya a gaban sauran na buɗe hannuwa, da ludayi a hannuna ban ma sani ba. Na ce duk wanda ya ƙara taɓa buhu ɗaya, ya nemi inda zai riƙa cin abinci daga yau. Bayin Allah ba laifinsu ba ne, umarni aka ba su, amma sun san ni, suka tsaya. Ɗaya ya tafi kiran Oga.

Tare suka iso, Oga Thaddeus daga saman bene, Dominic daga get. Oga mutumin Binuwai ne, dogo, mai wayoyi biyu, kullum ɗaya tana kunne ɗaya tana hannu. Dominic ya kalli buhunan da aka yaga. Na ce a raina yau za a yi ta. Amma bai yi ihu ba.

"Wa ya ba ka izinin yin gona a ofishin gwamnati?" in ji Oga. "Ba ka ga notis ba? Tun Talata!"

"Ban gani ba, sir. Laifina ne. Ban tambaye ka ba, wannan ma laifina ne. In kwiri ne, ka ba ni, zan amsa." Ya nuna sauran buhunan. "Amma wannan sha tara, in an ɗaga su yau, irin babana ya ƙare a duniya. Ka ba ni minti biyar in nuna maka abu ɗaya."

Bai jira amsa ba. Ya durƙusa gaban buhu na farko, ya ciro 'yar wuƙarsa, ya tsaga gefen buhun kamar tsawon hannu. Ya riƙa janye ƙasa da yatsu a hankali, yana kauce wa saiwoyi, har farar doya ta bayyana, doguwa, santala. Wayar Oga ta yi ƙara, ya kai ta kunne, amma idonsa yana ƙasa. Dominic ya sa wuƙa zai yanka.

"Kai, kai, kai! Tsaya!" Oga ya daka masa tsawa. "Ka yi sama da yawa. Za ka ji wa kan ciwo. Sauko kamar yatsa biyu."

"Sir, mu a nan muke yanka."

"Shi ya sa doyarku ba ta kai tamu ba. Matsa."

Ashe ɗan manomin doya ne. Ya tattare hannun riga, ya duba inda zai ajiye wayoyinsa, bai ga wuri ba, sai ya miƙo mini. Ni kuma abin da na saba na yi: na koma rumfa na jefa su cikin kula na ɗora gishiri. Na dawo da toka a kwano.

Minti arba'in mutanen nan biyu suna durƙushe, suna yanka suna musu. Oga ya ce a garinsu da ganye ake rufe kan kafin a mayar da ƙasa, Dominic ya ce Baba toka kawai yake sawa. Suka yi rabi da ganye, rabi da toka, wai a gani a watan sha biyu. Masu shara suka koma ɗinke buhunan da aka tsaga da igiya. Da suka gama na miƙa wa Oga wayoyinsa, ya duba, kira goma sha huɗu. Ya yi tsaki ya ce, "Kuma ba wanda ya mutu."

Kada ku ɗauka ya yi laushi. Ya yarda ba za a ɗaga su ba, amma ya ce kada baƙi su ga buhu ko ɗaya. Dominic ya yi ɗan tunani, ya je ya tayar da bas, ya zo ya gindaya ta a bakin lungun, ta rufe shi ruf. Baƙi suka zo, suka yaba da yadda aka wanke bas ɗin, suka tafi. Washegari aka ba Dominic kwirinsa, wato takardar tuhuma, a rubuce, ya amsa a rubuce, aka ja masa kunne. Oga kuma ya tafi gida da doya biyu a but ɗin motarsa.

Na ce masa, "To, Minista, yanzu sai ka karɓi wayarka, kada a sake."

Ya ce a'a. "Kula yana nan yadda yake. Abin da zan ƙara, ƙarfe sha biyu zan buɗe guruf na aiki, shi kaɗai, in karanta. Sha ɗaya da na rasa, ba waya ne ya ci su ba, ni ne ban yi tsari ba."

Ya kai wa Mama doya uku a ƙarshen makon. Ya ce ta kirɓa, ta ci, ta sha ruwa, sannan ta ce, "Ita ce. Amma wannan ta ci ce. Iri fa?" Wata huɗu ya yi da wannan tambaya a ransa, don ba wanda ya san abin da ke cikin buhu sai an zazzage. Ganye ya yi rawaya, ya bushe, yana kallo. Ni kaina na matsu, har na ce ya tona ɗaya mu leƙa. Ya ce in bar shi, lokaci bai yi ba.

Ranar wata Juma'a a watan sha biyu ya zazzage su. Wani buhu uku, wani biyar, wani guda biyu kacal, ƙanana kamar dunƙulen hannu. Saba'in da huɗu. Na toka da na ganye kusan kunnen doki suka yi, har yau shi da Oga kowa na cewa nasa ne ya fi. Dominic ya ce gobe sai Yangoji, kuma dole in bi su, tunda da ludayina a cikin noman.

Muka tafi da safe, ni da shi da Felicity. Da za mu shiga mota ya miƙo mini wayar, na sa a jakata. Mama 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ta fi shi gajarta, tana zaune a kan turmi a tsakar gida. Ya ajiye kwandon a gabanta. Ta sa hannu ta ɗauki ɗaya, ta shafa fatar da babban yatsa, ta kai hanci, ta ajiye a gefe. Ta ɗauki na biyu. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya har saba'in da huɗu, ba ta ware ko ɗaya ba. Felicity tana share hawaye da gefen zani, ni ma dai ban tsira ba.

Sai ta mayar da su cikin kwandon ta miƙe. Dominic ya sunkuya zai ɗauka, ta buge masa hannu. Ta durƙusa, ta cicciɓi kwandon ta ɗora a kafaɗarta ta hagu, ta miƙe tsaye, kanta a sama. Ta nufi rumbun mijinta da ke bayan gida, wanda ta sa aka yi wa sabon jinka tun watan takwas ba ta gaya wa kowa ba.

Na ga hannun Dominic ya tafi aljihu, ya laluba, bai samu komai ba. Na buɗe jakata na ce a hankali, "In ba ka wayar? Wannan kam ya isa a ɗauki hoto."

Bai ko waiwayo ba.

"Ka bar shi, Hajiya," in ji shi. "Ina so in gani."